Gorar Jiya, Zoɓon Yau: Yadda Masu Kunu da Zoɓo Ke Kokawa da Tsami a Zafin Maiduguri

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin hadarin farko ya taso, ma'aunin zafi a Maiduguri yakan haura digiri 40 da rana tsaka. A 'yan shekarun nan kuma azumin Ramadan ya yi ta faɗowa a cikin wannan tsakani: a 2023 ya kama a ƙarshen Maris, a 2024 da 2025 ma duk a cikin Maris aka ɗauke shi. Wanda ya bi ta bakin Kasuwar Monday, ko Post Office, ko Tashar Bama, ko Kasuwar Gamboru da la'asar sakaliya, ya san abin da ke cikin kulolin da aka jera a gefen titi. Zoɓo ne ja wur, da kunun aya fari fat, da kunun zaki, da ruwan citta, da ardeb, wato abin shan tsamiyar da Barebari da Shuwa suka shahara da shi. Kusan dukkansu a gida aka haɗa su, yawanci mata ne suka haɗa, kuma a cikin gorar da wani ya riga ya sha ruwa ko lemo ya yar ake sayar da su.

Sana'a ce da ba ta neman jari mai nauyi. Tukunya, rariya, bokiti, mudun zoɓo ko aya, sukari, sai gorori. Shi ya sa ta zama madogara ga zawarawa da matan aure, da matan da rikici ya koro daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno suka zauna a Maiduguri ba gona ba shago. Sai dai ribarta siririya ce, kuma tana da maƙiyi guda da ba ya hutu, wato tsami. Kunun ayan da aka tace da hantsi yana iya juyawa kafin a kira magariba. Gora ta kumbura ta yi tauri, a murɗa murfi ya yi tsaki, kumfa ta taso. A ce mace ta ɗura gora 50, goma suka juya, to ribar ranar ta tafi, ta kuma taɓa uwar kuɗi.

Idan aka tambayi masu sana'ar mafita, amsar ɗaya ce: ƙanƙara. Ni kuwa ina ganin ana zuba kuɗin a inda ya fi tsada, ana barin wurin da ɓarnar take farawa, wanda gyaransa bai kai kuɗin ƙanƙarar yini guda ba.

Abin da ke faruwa a cikin gora

Duk abin sha mai zaƙi abinci ne ga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Akwai ƙwayoyin da ke mayar da sukari tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono. Akwai yis, irin na burodi, wanda ke cin sukari ya fitar da iska da barasa, kuma iskar nan ce ke kumbura gora. Akwai masu mayar da barasar ruwan khal idan suka samu iska. Sai kuma waɗanda suka fi haɗari, masu kawo gudawa da amai da taifot da kwalara, su kuwa ba sa sauya ɗanɗano ko wari. Gorar da ta kumbura ta yi wa mai saye gargaɗi. Wadda ke ɗauke da cuta takan zo lafiya lau, da sanyinta da zaƙinta.

Masana lafiyar abinci sun daɗe da auna iyakar da waɗannan halittu ke jin daɗi, daga digiri 5 zuwa 60. Inda suka fi yaɗuwa kuwa shi ne wajen digiri 30 zuwa 40, inda wasu ke ninka kansu duk bayan minti 20. Wannan shi ne zafin inuwar ɗaki a Gwange ko Bulumkutu a watan Afrilu. Ƙwaya guda, idan ta samu haka na awa bakwai, lissafi ya nuna za ta haura miliyan biyu.

Abubuwan shan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Zoɓo yana da tsaminsa na halitta, kuma dafa shi ake yi, don haka yana da ɗan juriya; yawanci yis da fumfuna ne ke cin galabarsa, musamman bayan an zuba sukari da abarba ko kokwamba ɗanya. Ruwan tsamiya ma haka. Kunun zaki yana tsakiya: an dafa wani kaso na gasarar, an haɗa da ɗanyen kaso da dankali ko tsiro, an bar shi ya kwana, saboda haka da ransa yake shiga gora, aikin tsamin bai tsaya ba. Kunun aya shi ne marar gata. Ba a dafa shi, ba shi da tsamin da zai kare shi, ga mai, ga sitaci, ga dabino da kwakwa. A Balensiya ta ƙasar Sifen, inda ake yin irinsa da sunan horchata, har ma ana shigo da aya daga Nijar da Burkina Faso da Mali, ɗanyen nau'insa a sanyi kusa da daskarewa ake ajiye shi, kuma duk da haka kwanaki ƙalilan yake yi. Mai kunun aya a Maiduguri tana yin abin da Sifaniyawa ke yi ne, amma ba tare da firjinsu ba.

Tsohon ilimi

Matsalar ba sabuwa ba ce, kuma musulmi yana da labarinta a littattafan hadisi. An ruwaito a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. A ruwayar Nana A'isha, abin da aka jiƙa da safe da yamma ake shan sa, na yamma kuma da safe, a wata ruwayar ma ta Abu Dawuda an ambaci wanke salkar safe da yamma. Lokacin da tawagar Abdul Ƙais ta zo Madina, an hana su jiƙa abin sha a cikin wasu mazubai huɗu: gorar duma, da koren tulu, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana cewa waɗannan mazuban suna gaggauta juyawar abin da ke ciki. Daga baya an sassauta hanin, aka bar sharaɗin kada a sha abin da ke sa maye. Hukunci na malamai ne, amma darasin sana'a a fili yake: tun wancan zamani an gane cewa mazubi da tsawon lokaci su ne ke yanke hukuncin abin sha.

Masu dafa burkutu ma sun san haka, ta ɗaya fuskar. A kudancin Borno, da wasu unguwanni da kasuwannin bariki, akwai waɗanda ke dafa ta da tsiron dawa, ko da yake jihar ta ɗauki shari'ar Musulunci tun zamanin gwamna Mala Kachalla a farkon shekarun 2000. Abin lura a nan shi ne, su da gangan suke neman aikin yis, kuma sukan koma ga tsohuwar tukunya ko su ɗebo daga tsohon dahuwa su zuba a sabo, domin sun san irin yana maƙale a nan. Duk da haka ba ta ajiyuwa. Cikin 'yan kwanaki ta zama ruwan tsami, shi ya sa suke auna dahuwarsu da ranar kasuwa. Abin da mai burkutu ke yi da niyya, shi ne mai kunun zaki ke yi bisa kuskure duk ranar da ta ɗura sabon kunu a jarkar da ba ta wanku ba.

A Turai da Amurka akwai masu haɗa giya a gida don nishaɗi, musamman a Amurka tun da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta hakan a can a 1978. Su ma 'yan tsimi ne, tsofaffin mazubai suke saye: tankunan ƙarfe masu cin lita 19 da kamfanonin lemo suka daina amfani da su, da ƙananan gwangwanaye masu lita 5. Ba abin da ke ciki ne ya dame mu ba, tsarinsu ne. Sun raba wanki da kashe ƙwayoyin cuta, suna ɗaukar su aiki biyu daban. Suna kwance famfo da robar murfi su wanke kowanne shi kaɗai. Suna hana iska shiga, sannan su sanyaya. Sanyi ne na ƙarshe a jerin.

Daga ina gorar ta fito?

Nan ne maganar take da nauyi. Gorar Faro ko Swan ko ta lemo da ake ɗura zoɓo ba daga kamfani ta zo ba. Yara da 'yan bola jari ne ke tsinto ta daga wuraren biki, da tashoshin mota, da gidajen abinci, da kwata, wani lokacin har da kwandunan sharar asibitoci, su sayar a ƙirge. Wadda aka sha ruwa a wurin walima aka tattara nan take daban take da wadda ta kwana uku a lambatu, ko wadda direba ya zuba fetur, ko manomi ya dama maganin feshi a ciki. A idon mai saye kuwa duk ɗaya ne.

Wankin da aka saba shi ne a tara su a baho guda, a zuba omo, a girgiza, a ɗauraye. Ruwan da ya wanke gora ta farko shi ne zai wanke ta ɗari. Murafe kuwa sau da yawa ɗauraya kawai ake yi musu, alhali zaren murfi da bakin gora, inda leɓen wani ya taɓa, nan ne datti ke ɓuya.

Gyaran ba shi da tsada. Da farko a zaɓa: duk gorar da ke wari, ko ta dushe, ko ta karce a ciki, ko aka ga alamar mai, a jefar, domin roba tana shan warin fetur da maganin ƙwari, kuma babu wankin da ke fitar da su. Sannan a wanke da sabulu da dogon buroshi, ciki da baki da murfi. Bayan an ɗauraye sai mataki na biyu, wanda yawanci ake tsallakewa: a jiƙa su a ruwan bilic. Irin su Hypo da Jik da ake samu a kowane kanti, waɗanda ƙarfinsu ke wajen kashi 3.5 cikin ɗari, babban cokali ɗaya ya ishi lita 5 na ruwa mai tsabta. A nutsar da gorori da murafe na 'yan mintuna, a kife su a kan tsaftataccen kwando su tsane da kansu, kada a goge da tsumma. Sharaɗi biyu: a yi amfani da bilic marar turare, kuma kada a taɓa haɗa shi da wani sinadarin wanki. Tafasasshen ruwa ba zai maye gurbinsa ba a nan, domin irin wannan roba tana fara lanƙwashewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 70.

Mafi alheri ma shi ne mace ta mallaki gororinta. Wadda ke da kwastomomi tsayayyu a ofis ko makaranta ko layin 'yan Keke Napep tana iya karɓar gorar jiya ta ba da ta yau, ko ta yi ɗan rangwame ga wanda ya dawo da tasa. Ta san tarihin kowace gora, ta kuma rage kuɗin saye.

Jarka da kula mai famfo

Masu yin da yawa, na biki ko na buɗa-baki a masallaci, sukan yi amfani da jarka mai lita 20 ko 25, ko kula mai famfo. Jarkar man gyaɗa ko ta man girki tana yi idan an wanke maiƙon sarai. Wadda ba a san abin da ta ɗauka a baya ba, a bar ta wa masu kalanzir. Matsalar jarka ita ce bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, kuma kusurwoyinta da ƙarƙashin mariƙinta suna tara wani santsi wanda ruwa kaɗai ba ya ɗaukewa. Tsohuwar dabarar zuba tsakuwa mai tsabta da ruwan sabulu a girgiza tana aiki, sannan a bi da bilic. Famfon kula kuwa kwance shi ake yi. Duk wanda ya taɓa kwance famfon da ya yi wata yana zubar da kunu ya ga baƙin da ke ciki, ba zai sake neman bayani ba.

Akwai kuma batun girma. Babbar jarka guda da ake ta buɗewa ana tsiyaya tun safe, kowace buɗewa iska da ƙura ne ke shiga, kuma sanyinta na tafiya gaba ɗaya. Ƙananan galan huɗu masu lita 5, a cika kowanne har wuya, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya, sun fi ta nesa ba kusa ba. Idan ɗaya ya juya, uku sun tsira. Sai dai a kiyaye: toshe baki ba ya tsayar da kunun da ya riga ya fara aiki, iska ce kawai za ta taru, kuma kwalbar gilashi tana iya fashewa. Kunun aya kuwa, rufe shi ruf a ajiye a ɗaki ba sanyi haɗari ne, domin akwai ƙwayoyin da suka fi son wurin da babu iska kuma babu tsami.

Kafin a kai ga ɗuri ma akwai ramuka uku. Na farko injin markaɗen unguwa, wanda ya niƙa wake da tattasai da gasarar wasu tun asuba, a ɗauraye shi da kofi biyu na ruwa a zuba ayar mai kunu. Wadda ta je da sassafe da ruwanta, ta sa aka wanke injin a gabanta, ta sayi awoyi. Na biyu ruwan sirki. An dafa zoɓo ya tafasa, duk abin da ke ciki ya mutu, sai a ƙara masa ɗanyen ruwan 'yan ga-ruwa don ya yi yawa, aikin wutar ya tashi a banza. Na uku hucewa. Babbar tukunya da aka sauke da dare aka bar ta ta huce da kanta takan shafe awoyi a cikin zafin da ƙwayoyin suka fi so. Ƙa'idar da hukumar abinci ta Amurka ta gindaya wa gidajen abinci ita ce a sauko daga kusan digiri 60 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin ƙarin awa huɗu. A gida ana kusantar haka ta hanyar raba shi a faffaɗan mazubai masu murfi, a tsoma su a bahon ruwa ana sauyawa.

Wuta, ƙanƙara da randa

Ba wanda zai yi wa mutumin Maiduguri bayanin rashin wuta. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka rusa turakun babban layin da ke kawo lantarki daga Damaturu. Aka gyara a Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake tarwatsa su, gari ya shafe watanni a duhu. A Maris 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya gina. Ba a jima ba, a ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai, kuɗin tayar da janareta ya yi tashin gwauron zabi, farashin ƙanƙara ya bi shi. Firiza mai aiki da sola ta fara yawaita, amma kuɗinta ya fi ƙarfin mai gora 50. Abin da take iyawa shi ne ta biya a ajiye mata a firizar maƙwabta.

Tunda ƙanƙara da tsada, sai a san yadda za a ci moriyarta. Gorar da aka ɗura da ɗumi tana cinye ƙanƙara kafin ta yi sanyi. A nan randa ke da amfani, da kuma tukunya-cikin-tukunyar da Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Busasshiyar iskar bazarar Borno ita ce ta fi dacewa da ita, da damina kuwa ƙarfinta na raguwa. Amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ba ta kai sanyin firji, ba za ta kwanar da kunun aya ba. Aikinta ta sauke zafin gora kafin a kai ta ga ƙanƙara.

Wata dabarar ita ce a daskarar da wasu gororin zoɓon su kansu, a bar ɗan fili a sama domin ruwa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, sai a jera su a tsakanin sauran. Su ne ƙanƙarar, kuma idan sun narke a sayar da su. Kula ta zauna a inuwa, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, a rage buɗe ta.

Ƙanƙarar kasuwa kuwa a wajen gora ya kamata ta tsaya, kada ta shiga cikin abin sha. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ajiye su kawai take yi. Narkakken ruwan da ke ƙasan kula, wanda hannun mai sayarwa da na masu saye ke shiga suna lalube, bai kamata ya kai wuyan gora ba. Garin da ya ga kwalara a sansanin Muna Garage a 2017, ya sake ganin ta a Oktoban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba ta cika rijiyoyi da masai da ruwa guda, ba ya buƙatar a tuna masa abin da gurɓataccen ruwa ke yi.

Hodar da ba ta da suna

Gajeriyar hanyar da ke jan hankalin wasu ita ce sinadari. Citta da kanumfari da lemon tsami suna ɗan jinkirta lalacewa, kuma ba su da illa, amma jinkiri ne kawai. Akwai sinadarin adana abin sha da kamfanonin lemo ke amfani da shi, sodiyam benzowet, sai dai a abin sha mai tsami kaɗai yake aiki, irin zoɓo, ba ya tsinana komai a kunun aya, kuma awonsa na sikeli ne, ba na ƙiyasin cokali ba.

Babban haɗarin shi ne farar hodar da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwanan wata. A Maris da Afrilun 2021 mutane a Kano suka riƙa zuwa asibiti suna amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami. Gwamnatin jihar ta sanar da mutuwar mutum 10, da kwantar da kimanin 400. Hukumar NAFDAC ta ce ta gano kayan haɗin da wa'adinsu ya wuce, da wani sinadarin masana'antu da aka sayar a matsayin ɗan tsami. 

Aikin da ya rage na hukuma ne, kuma ba kame ko kwace kuloli ake nufi ba. Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomin Maiduguri da Jere, da sashen kimiyyar abinci na Jami'ar Maiduguri, da ƙungiyoyin agajin da suka riga suka saba raba sinadarin tsaftace ruwa a unguwanni, suna iya tara masu sana'ar unguwa-unguwa kafin azumi, a nuna musu awon bilic da kwance famfo a aikace, cikin Hausa da Kanuri. A nemi dillalan gorori su daina karɓar na asibiti. A ƙarfafa wa mata su riƙa manna 'yar takarda mai ranar ɗuri a jikin gora. Mai saye shi ma yana da abin dubawa kafin ya miƙa kuɗi: ya matsa gorar ya ji ko ta yi tauri, ya kalli zaren murfi, kunun aya kuma ya tambaya ko na yau ne.